BABI NA UKU: KUJERAR SARAUTA A MATSAYIN ALAMAR IKO A AL'ADAR ASANTE

3.0 Gabatarwa

Kowace al'umma da take da tsarin sarauta tana da wani abu da ta keɓe wanda da an gan shi an san an ga mulki. A ƙasar Hausa rawani da alkyabba da sanda su ne kan gaba, shi ya sa ake cewa an naɗa wane sarauta. A arewacin ƙasar Gana, wajen Dagwamba da Mamfurusi da Gwanjawa, a kan fata ake zaunar da sabon sarki. Su kuwa mutanen Asante, waɗanda Hausawa suke kira Tonawa, kujera ce tushen sarautarsu.

A wannan babi za a yi bayani a kan wannan kujera, wato siffarta da rabe-rabenta da irin rawar da take takawa wajen naɗa sarki da tuɓe shi, da kuma mallakar ƙasa. Haka kuma za a dubi abin da ya faru a lokacin da Turawan Ingila suka nemi su karɓe babbar kujerar ƙasar. Manufar babin ita ce a nuna cewa a tunanin Asante iko yana tattare ne da kujera, shi kuwa sarki riƙon amana yake yi mata na tsawon zamaninsa.

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Asante

Asante reshe ne na al'ummar Akan, suna zaune a yankin kurmi na tsakiyar ƙasar Gana, harshensu kuma shi ne Twi. Babban birninsu shi ne Kumasi. Kafin ƙarshen ƙarni na 17 ƙananan masarautu ne a warwatse, kamar su Kumasi da Mampong da Dwaben da Kokofu da Bekwai da Nsuta, suna biyan haraji ga daular Denkyira. Sarkin Kumasi Osei Tutu, tare da taimakon abokinsa kuma babban bokansa Okomfo Anokye, shi ne ya haɗa kan waɗannan masarautu, suka ci Denkyira da yaƙi a Feyiase a shekarar 1701, aka kashe sarkinta Ntim Gyakari. Daga nan ne Osei Tutu ya zama Asantehene na farko, wato sarkin Asante baki ɗaya.

Sarauta a wannan ƙasa hawa-hawa ce. Akwai shugaban zuriya, sai mai gari wanda ake kira odikro, sai ohene, sai omanhene mai riƙe da masarauta guda, sa'annan Asantehene a bisa kowa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da kujerar da ake danganta sarautarsa da ita. Gado kuwa ta wajen uwa ake bin sa, saboda haka ɗan sarki ba ya gadon ubansa. Ƙanen sarki ko ɗan 'yar'uwarsa shi ne mai gado. Sarakunan Kumasi daga zuriyar Oyoko suke fitowa.

3.2 Siffar Kujera da Matsayinta a Rayuwar Yau da Kullum

Kujerar da ake magana a kanta, wadda suke kira dwa ko akonnwa, gajeriya ce, ba ta da majingina, kusan irin wadda Hausawa suke kira 'yar tsugunno, sai dai ta fi ta faɗi da ado. Daga gungumen itace guda ake sassaƙa ta, ba a haɗa ta da ƙusa ko wani abin liƙi. Itacen da aka fi amfani da shi shi ne osese, saboda farinsa da kuma laushinsa a bakin gizago. Tana da sassa uku: gindi shimfiɗaɗɗe mai kusurwa huɗu, da tsakiya inda ginshiƙai da zane suke, da kuma mazauni wanda gefunansa biyu suka lanƙwasa sama kamar jinjirin wata.

Sassaƙar kujera sana'ar maza ce. Rattray (1927) ya bayyana cewa masassaƙa sukan yi wa itace sadakar ƙwai ko kaza kafin su sare shi, domin neman lafiya da kurwar da suka yi imani tana cikinsa. Garin Ahwiaa da ke kusa da Kumasi ya yi suna wajen wannan sana'a.

Tun kafin a kai ga batun sarauta, kujera tana tare da mutumin Asante a kowane mataki na rayuwarsa. Sarpong (1971) ya nuna cewa uba yakan ba ɗansa 'yar ƙaramar kujera idan ya fara rarrafe. Idan yarinya ta balaga a kan kujera ake zaunar da ita a yi mata biki. Ango yakan ba amaryarsa kujera, alamar ta sami wurin zama a gidansa. Idan mutum ya mutu kuma a kan kujera ake yi wa gawarsa wanka. Dalilin wannan kusanci shi ne imanin da suka yi cewa kurwar mutum, wadda suke kira sunsum, tana shiga cikin kujerar da ya saba zama a kai. Saboda haka ne idan mai kujera ya tashi sai ya kwantar da ita a gefe ko ya jingine ta da bango, don kada wata kurwa ta daban ta zauna a kai. Suna da karin magana da ke nuna cewa babu wani sirri tsakanin mutum da kujerarsa.

Zanen da ke tsakiyar kujera shi ne yake ba ta suna, shi ne kuma yake nuna matsayin mai ita. Akwai kujerar mata, mmaa dwa, da kujerar wata, osrane dwa, da kujerar beguwa, kotoko dwa. Beguwa ita ce tambarin Asante wajen yaƙi, domin an ce idan ta harba ƙaya wata take fitowa a madadinta. A da, kujerar giwa, osono dwa, da ta damisa, osebo dwa, na Asantehene ne shi kaɗai, ba mai sa a sassaƙa masa irinsu sai da izininsa. Wato ke nan, mutum yana iya duban kujera ya gane darajar mai ita tun kafin ya ga fuskarsa.

3.3 Rabe-raben Kujerun Sarauta

Za a iya kasa kujerun da suka shafi sarauta gida huɗu, kamar haka:

3.3.1 Farar Kujera

Wannan ita ce kujerar da sarki mai rai yake amfani da ita. Ana kiranta fara ne saboda launin itacenta, kuma ana yawan goge ta don kada ta yi duhu. A kanta sarki yake zama ya ci abinci ko ya yi wanka ko ya gana da dattawa. Kujerun manyan sarakuna akan yi musu ado da fallayen azurfa ko na zinariya gwargwadon matsayi. Uwar sarauta, wadda ake kira ohemaa, ita ma tana da tata kujerar, kuma a bainar jama'a a kan irin wannan kujera take zama. Sarkin Mampong shi ne mai Kujerar Azurfa, wadda take biye da Kujerar Zinariya a daraja, shi ya sa yake da babban matsayi a majalisar Asante idan gadon Kumasi ya zama babu kowa.

Akwai ma'aikata na musamman a fada da ake kira nkonnwasoafo, wato masu ɗaukar kujera. Aikinsu shi ne kula da kujeru da ɗaukar su a gaban sarki idan zai fita, suna kuma da shugabansu.

3.3.2 Baƙar Kujera

Idan sarki ya mutu yana kan mulki, kuma jama'a sun yaba da zamaninsa, sai a ɗauki ɗaya daga cikin fararen kujerunsa, galibi wadda ya fi shaƙuwa da ita, a baƙanta ta. Ana kwaɓa kunkunniya da gwaiduwar ƙwai a shafe ta da shi, sa'annan a zuba mata jinin tunkiya. Daga ranar ta tashi daga abin zama, ta koma mazaunin kurwar marigayin. Sai a kai ta ɗakin kujeru, nkonnwafieso, a kwantar da ita tare da na magabatansa. Wannan ɗaki ba kowa yake shigarsa ba, sai sarki da wasu 'yan dattawa da masu kula da shi.

Baƙar kujera ita ce matattarar tarihin masarauta. Duk wanda ya san jerin kujerun da ke ɗakin ya san jerin sarakunan da aka yarda da su. Sarkin da aka tuɓe ba a baƙanta masa kujera, saboda haka sunansa ba ya shiga cikin waɗanda ake kira a lokacin bauta. Wannan hukunci ne mai tsanani a idon mutumin Asante, kuma tsoronsa yana daga cikin abubuwan da suke sa sarki ya yi taka-tsantsan.

Ana ziyartar waɗannan kujeru a ranakun Adae. Kalandar Akan tana zagayowa ne a kwana 42, kuma a cikin kowane zagaye akwai Adae biyu: Akwasidae wadda take faɗawa ranar Lahadi, da Awukudae wadda take faɗawa ranar Laraba. A irin wannan rana sarki yakan shiga ɗakin kujeru, ya zame mayafinsa daga kafaɗa, ya zare ƙafarsa daga takalmi, kamar yadda talaka yake yi a gabansa. Sai ya zuba abin sha, ya ajiye dakakkiyar doya da ƙwai da nama a kan kujerun, yana kiran sunan kowane magabaci yana roƙon lafiya da haihuwa da albarkar gona ga jama'arsa. Bayan ya fito ne yake zama a fili a kawo masa gaisuwa. Busia (1951) ya nuna cewa wannan aiki na shiga tsakanin rayayyu da magabata shi ne ginshiƙin darajar sarki a Asante.

3.3.3 Kujerar Zinariya

Ana kiranta Sika Dwa Kofi, wato kujerar zinariya haifaffiyar Juma'a, domin Kofi suna ne na namijin da aka haifa ranar Juma'a. Bisa ga tarihin baka, Okomfo Anokye ya tara sarakuna a Kumasi, ya kira wannan kujera ta sauko daga sama ta sauka a kan cinyar Osei Tutu. Sa'annan ya shaida musu cewa kurwar al'ummar Asante gaba ɗaya tana cikinta, ranar da aka rasa ta ƙasar za ta wargaje. An ce ya karɓi gashi da farcen manyan sarakuna ya haɗa magani da su, aka shafa wa kujerar wani, suka sha saura, aka kuma binne tsofaffin alamun mulki da za su iya yin gasa da ita.

Idan aka dubi wannan labari ta fuskar siyasa za a ga hikimar da ke cikinsa. Masarautun da suka haɗu kowace tana da baƙaƙen kujerun kakanninta, kuma da wuya wata ta yarda ta rusuna wa kakannin wata. Sai aka samar da kujerar da ba ta kakan kowa ba ce, wadda kowa zai iya yi wa mubaya'a ba tare da ya ji an ƙasƙantar da gidansu ba. Da haka aka mayar da ƙawancen yaƙi ya zama ƙasa ɗaya.

Tsayin kujerar ya kai kimanin santimita 46, tsawonta 61, faɗinta kuma 30. An rataya mata ƙararrawa da wasu 'yan gumaka na zinariya masu wakiltar sarakunan da aka ci da yaƙi, irin su Ntim Gyakari. Ba wanda yake zama a kanta, har shi Asantehene kansa. Ba a barin ta ta taɓa ƙasa. Akan shimfiɗa mata fatar giwa ko bargon nsaa, wanda fatake suke kawowa daga arewa. Idan aka fito da ita, abin da ba a cika yi ba sai a manyan bukukuwa, a kwance ake ɗora ta a kan wata kujera tata ta musamman a gefen sarki, da laimarta da masu hidimarta, tamkar dai wani sarki mai zaman kansa. Baturen nan Bowdich, wanda ya ziyarci Kumasi a 1817, ya ba da labarin ganin kujerar sarauta lulluɓe da zinariya a ƙarƙashin laima.

Doka ta hana kowane sarki ya mallaki kujerar zinariya. Sarkin Gyaman, Kwadwo Adinkra, ya sa an yi masa tasa, aka ɗauki wannan a matsayin tawaye. Asantehene Osei Bonsu ya kai masa yaƙi a 1818, aka ci ƙasarsa, shi kuma ya rasa ransa.

3.3.4 Kujeru Masu Majingina

Bayan waɗannan akwai kujeru masu majingina da sarakuna maza suke zama a kai a bainar jama'a. An samo fasalinsu ne daga kujerun Turawan da suka yi ciniki a bakin teku tun ƙarni na 17, amma masu sana'ar Asante suka sake musu kama, suka yi musu mazauni na fata da ado na ƙusoshin tagulla. Iri uku ne suka fi shahara. Asipim ita ce wadda aka fi yawan gani, a kanta ake zaman shawara da shari'a. Hwedom baƙa ce, ana danganta ta da yaƙi da sauran al'amura masu nauyi, kuma irinta ce ake ɗora Kujerar Zinariya a kai. Akonkromfi, wadda aka sa wa sunan ƙwaron nan ƙoƙiƙoƙi saboda yadda ƙafafunta suka gitta juna, ta lokutan farin ciki ce.

Duk da kyansu da tsadarsu, waɗannan kujeru ba su kai gajeriyar kujera daraja ba, domin ba da su ake naɗa sarki ba. Ana haɗa su da matashin ƙafa, saboda al'ada ta hana tafin ƙafar sarki ya taɓa ƙasa. Idan kuwa tafiya ce ta biki, a cikin apakan ake ɗaukar sa, wato wani dogon mazauni da ƙarfafan maza suke ɗauka a ka.

3.4 Kujera Wajen Naɗi da Tuɓewa

Idan kujera ta zama babu kowa, uwar sarauta ce take da haƙƙin gabatar da wanda zai hau, domin ita ce ta fi kowa sanin asalin 'ya'yan gidan. Masu zaɓen sarki suna iya ƙin wanda ta kawo. Tana da dama har sau uku. Idan duka ba su karɓu ba sai su zaɓi nasu daga cikin zuriyar. Wanda aka amince da shi yakan tsaya a gaban jama'a, kakakin fada, wato okyeame, ya karanta masa sharuɗɗa: kada ya bi matan mutane, kada ya zama mashayi, kada ya toshe kunnensa ga shawara, kada ya zagi dattawa, kada ya tona asalin kowa, kada ya yi gaban kansa a al'amuran jama'a. Sai ya ɗaga takobi ya rantse, su ma sarakunan da ke ƙarƙashinsa su rantse masa.

Cikar naɗin a asirce ake yin ta a ɗakin kujeru. Dattawa sukan riƙe sabon sarki su saukar da shi sau uku a bisa baƙar kujerar babban magabacinsa, suna ɗaga shi ba tare da ya zauna sosai ba. Da wannan ne ake ganin ƙarfin magabata ya shige shi. Daga nan ya zama Nana, wato kaka, ko da kuwa yaro ne, kuma yakan ɗauki sunan ɗaya daga cikin masu kujerun. Misali, Barima Kwaku Dua, wanda ya hau gadon Asante a ranar 26 ga Afrilu, 1999 bayan rasuwar Opoku Ware II, ya ɗauki sunan Osei Tutu II. Shi ne Asantehene na 16, kuma mahaifiyarsa Nana Afua Kobi Serwaa Ampem II, uwar sarauta a lokacin, ita ta gabatar da shi.

Tun da kujera ce ta ba shi daraja, raba shi da ita yakan mayar da shi mutum kamar kowa. Idan sarki ya karya sharuɗɗan da aka gindaya masa, masu zaɓe sukan kawo ƙararsa, idan laifi ya tabbata sai a cire masa takalmi ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ko a zaunar da shi a ƙasa. Tarihi ya nuna cewa wannan hukunci bai bar manya ba. An tuɓe Osei Kwame a farkon ƙarni na 19, kuma daga cikin dalilan da aka ambata har da karkatarsa ga Musulmin da ke Kumasi, abin da dattawa suka ga zai iya raba shi da hidimar kujerun kakanni. An tuɓe Kofi Karikari a 1874, shekarar da sojojin Ingila a ƙarƙashin Wolseley suka ƙone Kumasi, bayan an zarge shi da ɗibar zinariya daga makabartar sarakuna. An kuma tuɓe Mensa Bonsu a 1883. A duk waɗannan lokuta mutum ne ya tafi, kujera tana nan. Bahaushe ya ce sarki goma zamani goma.

3.5 Kujera da Mallakar Dukiya

Ikon kujera bai tsaya ga al'amuran ibada ba. A shari'ar gargajiya ta Asante, kamar yadda Rattray (1929) ya bayyana, ƙasa ta magabata ce, kujera ce take riƙe da ita a madadinsu da rayayyu da waɗanda ba a haifa ba. Haka nan kayan ado na zinariya da takubba da laimomi da tambura duk na kujera ne. A bisa tsohuwar al'ada, abin da mutum ya mallaka kafin ya hau yakan shiga dukiyar kujera in dai bai ware shi a gaban shaidu ba, abin da ya samu yana kan mulki kuwa na kujera ne. Sarki ba shi da ikon sayar da wani abu daga ciki ba da yardar dattawa ba, yin haka ma yana cikin manyan dalilan tuɓewa.

Wannan fahimta ta shiga dokar ƙasar Gana ta zamani. Kundin tsarin mulki na 1992, a sashe na 267, ya tanadi cewa filayen kujera suna hannun kujerar da abin ya shafa a matsayin amana domin talakawanta. Sashen ya kafa ofishi na musamman mai tattara kuɗin shigar waɗannan filaye. Ofishin yana cire kashi 10 cikin 100 domin gudanar da aiki, abin da ya rage kuma a raba shi: kashi 25 ga kujera, kashi 20 ga majalisar gargajiya, kashi 55 ga majalisar gunduma. A ma'anar kundin, kalmar kujera ta haɗa har da fatar sarakunan arewa.

3.6 Kujerar Zinariya da Turawan Mulkin Mallaka

A watan Janairu na 1896 sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka kama Asantehene Prempeh I. Aka tsare shi a Elmina, daga nan aka kai shi Saliyo, daga baya kuma tsibiran Seshel. Mutanen Asante ba su ɗaga makami ba a wannan karo, amma sun ɓoye Kujerar Zinariya a ƙauye.

A ranar 28 ga Maris, 1900 Gwamna Frederick Hodgson ya tara sarakuna a Kumasi, ya shaida musu cewa Prempeh ba zai dawo ba, sa'annan ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai a matsayinsa na wakilin Sarauniyar Ingila. A zatonsa karagar mulki ce irin ta Turai, wadda duk wanda ya hau ta ya zama mai ƙasa. Su kuwa masu sauraro abin da suka ji shi ne baƙo yana neman ya zauna a kan kurwar al'ummarsu. Cikin 'yan kwanaki yaƙi ya tashi a ƙarƙashin jagorancin Yaa Asantewaa, uwar sarautar Edweso. Aka yi wa Gwamna da mutanensa ƙawanya a cikin ganuwar Kumasi, sai a watan Yuni ya samu ya fice, a watan Yuli kuma rundunar Kanar Willcocks ta iso ta ceci sauran. Da yawa daga cikin sojojin da Turawa suka yi wannan yaƙi da su Hausawa ne da suka ɗauka aiki. A ƙarshe aka ci Asante, aka kai Yaa Asantewaa Seshel inda ta rasu a 1921, aka kuma haɗe ƙasar da mulkin Ingila a ranar 1 ga Janairu, 1902. Amma kujerar ba ta shiga hannun Turawa ba.

Idan aka kwatanta abin da ya faru a 1896 da na 1900 za a ga inda iko yake a tunanin Asante. An kama sarki an fitar da shi daga ƙasa, jama'a suka haƙura. Da aka nemi kujera sai suka zaɓi yaƙi, alhali sun san ƙarfin makaman abokan gaba.

A wajen 1920 masu aikin hanya suka kai ga inda aka binne kujerar, wasu mutane kuma suka kwashe kayan zinariyar da ke jikinta suka sayar. Da asiri ya tonu a 1921 ƙasa ta shiga makoki. Majalisar sarakuna ta yanke wa manyan masu laifin hukuncin kisa, gwamnati ta mayar da shi kora daga ƙasa. A wannan karo hukumar Turawa, wadda ta riga ta ɗauki Rattray aikin nazarin al'adun Asante, ta bayyana cewa ta janye neman kujerar. Prempeh I ya dawo gida a 1924, ya rasu a 1931. A ranar 31 ga Janairu, 1935 aka maido da haɗaɗɗiyar masarautar Asante a ƙarƙashin Prempeh II, aka kuma fito da kujerar a bainar jama'a.

3.7 Matsayin Kujera a Zamanin Yau

Sarakunan Asante sun rasa ikon yaƙi da na yanke hukuncin kisa, kuma kundin 1992 ya hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya. Duk da haka kundin ya tabbatar da wanzuwar sarauta a sashe na 270, kuma kujera tana nan a matsayin tushen halaccin kowane sarki. Rigingimun gadon sarauta da ake kaiwa gaban majalisun sarakuna a kan tambaya ɗaya suke juyawa, wato wane ne ya cancanci kujera, kuma an zaunar da shi bisa al'ada ko kuwa. Hoton Kujerar Zinariya yana tsakiyar tutar Asante, ana kuma ci gaba da bikin Akwasidae a fadar Manhyia da ke Kumasi.

Yaɗuwar Kiristanci da Musulunci ta sa wasu masu sarauta suna wakilta dattawa su yi hidimar ɗakin kujeru a madadinsu, wasu 'ya'yan gidan sarauta kuma sukan ƙi karɓar kujera saboda addininsu. Ta wani ɓangaren kuma, an fara dawo da kayan fada da aka kwashe a yaƙin 1874. A watan Fabrairu na 2024 gidan tarihi na Fowler da ke Amurka ya mayar wa Asantehene kaya bakwai, daga cikinsu akwai kujerar asipim da kayan adon kujera guda biyu na zinariya.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin siffar kujerar Asante da dalilin da ya sa ake danganta ta da kurwar mai ita. An kawo rabe-rabenta guda huɗu, aka nuna cewa farar kujera ta sarki mai rai ce, baƙa ta magabata ce, ta zinariya ta al'umma ce baki ɗaya, masu majingina kuwa na zaman fada ne. An kuma ga cewa da kujera ake naɗa sarki, da raba shi da ita ake tuɓe shi, kuma da sunanta ake riƙe ƙasa da dukiya tun daga zamanin Osei Tutu har zuwa kundin tsarin mulki na 1992. Abubuwan da suka faru a 1896 da 1900 da 1921 sun tabbatar da cewa mutanen Asante sun ɗauki kujera a matsayin abin da ya fi wanda yake kanta muhimmanci. Saboda haka duk mai nazarin sarautar wannan al'umma ya wajaba ya fara da fahimtar kujera, domin a kanta ne haƙƙin sarki da iyakar ikonsa suka dogara.